Malam Gabas da Tsuntsayen Gulma

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Kulu, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da ta ci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Ikko, ya tsare ki a ƙasa, ya tsare ki a sama ranar da za ki hau jirgi, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba. Emeka mai shagon kayan lantarki ne zai kawo miki ita, tunda zai sauko sarin kaya. Innarki tana gaishe ki. Kowa lafiya, kuma ba labarin gida ne ya sa na ɗauki biro ba.

Maganar da kika jefo mini a tasha ce. Kin jira har mota ta cika, direba ya tada inji, sannan kika leƙo ta taga kika ce, "Baba, in na isa can canza karatu za ni yi. Ba ni yin wanga na eriya da rada. Na gaji da zama ɗiyar Malam Gabas." Kin yi wayo, don kin san da furfurata ba zan bi mota da gudu ina jayayya ba. To, ga shi na biyo ki a takarda.

An ba ki gurbin karatun nan ne don ki koyi ƙera eriyar rada, na'urar da ke aika igiyar rediyo ta saurari dawowarta, ta gane inda abu yake. Ke kuma kina so ki musanya shi da karatun ofis, ki dawo ki zauna a kujerar da Baffanki Liman ya nema miki a sakatariya. Ba zan ɗaure ki ba, kuma ba zan yi miki baki ba. Amma ba ki da izinin barin wannan aiki saboda sunan da 'yan kasuwa suka laƙaba mini, alhali sunan kawai kika sani. Kina makarantar kwana lokacin da abin ya faru, kuma duk wanda ya ba ki labarin ya ba ki ne yana dariya. Yau za ki ji shi daga bakin mai shi.

Kuskurena ya fara ne daga wurin da na fi ƙwarewa. Shekarar da aka ba mu jiha, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da iyalansu da akwatunan talabijin, suka tarar ba abin da ke fitowa sai tsaki-tsaki. Ni kuwa ina koyar da aikin lantarki, kuma ina da hannu. Na shiga ƙera eriya irin mai kama da ƙashin kifi, dogon sanda da ƙananan ƙarafa a gicciye. Ka'idata ɗaya ce: in hoto bai fito ba, a ƙara tsawo, a ƙara ƙarafa. Kuma ka'idar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Har ana cewa eriyar Malam Bello tana kamo Yamai in iska ta yi kyau. In na bi ta Gwadangaji da yamma, sai in ɗaga kai ina ƙirga aikina a kan rufin mutane, ina jin kaina.

A daidai wannan lokaci ne nake raka innarki Gulma, garinsu, duk sanda shinkafa ta fara ƙosawa. Kin san jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi, amma ba ki taɓa tsayawa a gona suna sauka ba. Ba sa zuwa sai ƙwayar tana da taushi, in kin matse ta farin ruwa ya fito. Mutanen Gulma suna da tasu dabarar tun kaka da kakanni: a ja igiyoyi a ƙetare gona, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, a kafa rumfuna, maza su hau suna jan igiya suna ihu suna harbi da majajjawa. Dabarar tana aiki in akwai mutane. Matsalar ita ce fadamar tana gefe biyu na gulbi, gabas da yamma, igiya da maza kuma ba sa isar duka biyun. Ba wanda ya san ta inda tsuntsun zai ɓullo, sai a raba ƙarfi biyu, kowane gefe ya zama rabin tsaro. Na tsaya na ga tsofaffi suna kuka a kan abincin shekara, na ce a raina wannan tambaya ce da lantarki zai iya amsawa. Har gobe ban janye wannan magana ba.

Emeka ne ya samo mini cikin tsohuwar radar jirgin ruwa a wurin masu gwangwan a Ikko. Bututun da ke harba igiyar rediyo yana da rai, allon yana haske, amma eriyar da ke juyawa ta karye, injin juyata kuma ya ƙone. Da ya sauke kayan a ƙofar gida ya ce, "Malam, wanga abu ba ya da wuya, ba ya iya waiwaye. Mi za ka yi da shi?" Na ce masa zan yi masa idon da ke waiwaye ba tare da wuya ba.

Kin karanta wannan a jami'a da lissafi, amma bari in faɗa miki yadda na faɗa wa mutanen Gulma a ƙofar mai gari. Na ce su tuna masunta a Argungu, su jera a ruwa mai kwanciya, kowa da gorarsa. In duka suka bugi ruwa lokaci ɗaya, igiyar ruwan za ta tafi gaba sak. In na ƙarshen dama ya fara, na kusa da shi ya biyo, haka har ƙarshen hagu, igiyar za ta tafi a karkace, alhali ba wanda ya gusa daga inda yake tsaye. Na ce haka zan jera ƙananan eriyoyi, in ba kowace waya mai tsawo daban don wata ta riga wata, in sa maɓallin da zan murɗa in zaɓi inda idon zai kalla. Suka gane sarai. Kada wani ya ce miki manoma ba sa gane irin wannan.

Da na zo zaɓen 'ya'yan eriyar da zan jera, ban ko yi tunani ba. Me na fi iyawa? Ƙashin kifi. Na yanka sandunan walda na tagulla, na ƙera guda takwas, ƙanana daidai da gajeren zangon igiyar wannan rada, amma kowace doguwa ce a jinsinta, kowace gwana. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowace tana hango nesa fiye da yadda na zata. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, ta yaya ta sami wannan hangen? Ta same shi ne da ƙin kallon gefe. Eriyar talabijin tana da tasha ɗaya a duniya, a juya ta can a ɗaure, shi ke nan. Ni kuwa ina son jerin da zai kalli dama ya kalli hagu, na gina shi da 'ya'yan da ba wanda ya yarda ya kalli ko'ina sai gabansa. Jeri ba ya ganin inda 'ya'yansa ba sa gani, komai yadda kika murɗa maɓalli. Saboda haka, Uwata, in an ba ki aiki, ki fara tambayar abin da aikin ke so kafin ki ɗauko abin da aka saba yaba miki a kansa. Ranar da hannunki ya riga kanki zaɓe, ki tsaya ki zarge shi.

Wannan zaɓe shi ya haifi na biye. Dogayen eriyoyi ba sa son maƙwabci. Da na matso da su kusa, sai suka shiga ɓata wa juna aiki. Na yi abin da nake yi a kan rufin mutane: na raba su, na ba kowace fili, kusan taƙi guda tsakaninsu. Zangon igiyar wannan rada bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma littafi ya ce tazara kada ta zarce kusan rabin zango in ana son a karkata ido da nisa. Na san wannan magana, na taɓa rubuta ta a allo ma. Amma na ga allon radata yana nuna abu fes, sai na ce littafi a ƙasar sanyi aka rubuta shi.

Gwajin da na yi kuwa, kunya ce ga mai koyarwa. Na kafa na'urar a bakin hanyar Argungu, na fuskantar da ita ga manyan motoci, na ga suna fitowa a allo, na yi ta murna. Duk a gaba sak na gwada. Gefe, inda ainihin aikin yake, na murɗa maɓalli na ga ɗigo ya motsa, na ce ya yi. Damina ta riga ta ja, labari ya zo an ga jan-baki ta arewa, na ɗora kaya a motar Emeka muka nufi Gulma. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni a jirgi ma na fafe tawa. Ki gwada abinki a inda ya fi rauni, a can ƙarshen inda kika ce yana kaiwa, kuma ki sa abin da kika san inda yake da idonki kafin ki yarda da allo.

Mun kafa ta a kan tudu, tana fuskantar arewa, gulbi a tsakiya. Da la'asar sakaliya na fara daga ƙarshen gabas, da niyyar in share har yamma. Ban kai ko'ina ba sai ga wani ƙaton haske a allo, nesa da inda ido ke kaiwa, yana motsi, yana matsowa, yana sauka. Aikin rada mai bin sawu shi ne in ta kama abu ta riƙe shi, ni ma na riƙe. Na bi shi har ya kwanta a cikin ciyawar ruwa, ban sake murɗa maɓallin zuwa yamma ba. Da na murɗa, da na ga hasken nan ya sake fitowa, da na san akwai magana. Kuma ƙarfin hasken kansa ya isa ya tsorata ni, don eriyoyin da ba sa kallon gefe ba su da dalilin ganin abu a gefe da wannan kyau. Murna ta hana ni tambaya.

Kawunki Namata, yayan innarki, yana tsaye a bayana tare da dattawan gari. Gonarsa tana yamma, kuma a shekarar ba gonar da ta kai ta kyau. Ya ce, "Malam, ina suke?"

Na ce, "Gabas. Can sunka kwana, ta can za su hwaɗo da sahe."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Wasu dattawa suka yi gunaguni, suka ce ba a taɓa kwashe tsaro daga gefe ɗaya ba. Namata bai yi musu da kowa ba. Ya juya ya gangara gonarsa, ya fara kwance igiyoyinsa da hannunsa, gwangwanaye suna ƙara. Ya ce, "Mijin ƙanwata na. In ban yarda da shi ba, wa ka yarda?" Da aka ga mai gonar da ta fi kowace ya kwance, kowa ya kwance. Kafin magariba an loda igiyoyi da ganguna a jirage, da asuba maza suka haye gabas gaba ɗaya.

Rana ta fito, muna gabas, kowa ya riƙe igiya. Tsuntsayen suka taso kamar hayaƙi, suka bi ta ɗaya gefen, suka sauka a yamma. Muna kallo, Uwata. Ruwa ne kawai tsakaninmu. Maza suka ruga jirage, wasu suka faɗa ruwa da iyo, tsofaffin matan da aka bari suna kaɗa zannuwa suna kururuwa. Kafin jirgin farko ya taɓa gaɓa an gama. Na shiga gonar Namata, ba abin da ke tsaye sai kara da ɓawo. Shi kuma yana tsaye a tsakiya da igiya naɗe a kafaɗa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya juya mini baya. Tun daga ranar ya daina taka gidana, ni ma na daina shiga nasa. Innarki ita kaɗai take zuwa suna da ta'aziyya, ta dawo ba ta gaya mini abin da aka ce mata. Na san ta sha, kuma ba ta taɓa cewa in fitar da na'urar daga gidanta ba.

Kafin mu dawo Birnin Kebbi suna ya riga mu isowa. In na shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya, "Malam Gabas, yau ina tsuntsu?" Mai nama ya taɓa ce mini in nuna masa inda ciniki yake, don ya bi ɗaya gefen. Wannan ta ba ni dariya, ba zan ɓoye miki ba.

Ga abin da masu ba ki labari ba sa kaiwa gare shi. Da rani, ruwa ya janye, na koma wannan tudu. Na sa Emeka ya ɗaura kwanon rufi a bayan motarsa ya yi ta yawo a busasshiyar fadama, ni kuma na bar maɓalli a inda yake ranar nan. Ya je gabas, allo shiru sai 'yar alama. Ya zagayo ya ɗan wuce tsakiya ta yamma, allo ya haska kamar an kunna fitila. Na zauna a ƙasa. Tazarar da na bari tsakanin eriyoyin ta buɗe wa jerin ido na biyu. Duk sanda na karkata idon gaskiya zuwa gabas, sai ya dushe, don 'ya'yan ba sa ganin can. Na biyun kuma ya leƙo ta yamma, kusa da tsakiya, daidai inda suka fi gani. Maɓalli yana ce mini gabas, amsa tana zuwa daga yamma.

Kin gane abin da wannan ke nufi? Na'urar ta ga tsuntsayen. Ta gan su tun suna inda ba idon ɗan Adam da ya kai, ta bi su har makwancinsu. A tarihin Gulma ba wanda ya taɓa sanin zuwan jan-baki tun jajibiri sai ranar. Rada ba ta yi ƙarya ba, ƙirar eriyata ce ta karkatar da shaidarta. Na ba Namata haƙuri a kan shinkafarsa, kuma zan sake ba shi har in mutu. Amma a kan rada ban ba kowa haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba.

Baffanki Liman ya kira ni zaure a kan wannan. Yayana ne, malamina ne, a hannunsa na sauke Alƙur'ani, kuma ba na ɗaga masa murya. Ya ce, "Bello, wanga abu neman sanin gaibu na. Allah ya nuna maka iyakarka, ka bari."

Na ce, "Yaya, gaibu shi na abin da ba ya nan. Tsuntsun ga shina nan, da hiffike da ciki, nisa kawai gare shi. Wanda yah hau kuka yah hango baƙo bai san gaibu ba."

Ya ce in ji tsoron Allah. Na ce tsoron Allah ne ya hana ni zama ina kallon abincin mutane yana tashi sama. Muka rabu a haka. Bayan kwana biyu ina bayansa a masallaci, ya juyo kafin kabbara kamar yadda ya saba, ya ce a matso, a daidaita sahu, a toshe ɓaraka. Allah ya yafe mini, rabin raka'ar farko a kan eriya na yi ta. Da aka idar na ce masa, "Yaya, maganin ciwon na'urata kake hwaɗi kullum." Bai yi dariya ba. Shi ya sa da ya ji za ki bi wannan hanya ya tashi tsaye nema miki kujera. Don ƙauna ya yi, ki girmama shi, ki riƙa rubuto masa gaisuwa. Amma ba a biyan ƙauna da rayuwa sukutum.

Na sake gini. Na watsar da ƙashin kifi, na yanka gajerun sanduna marasa kwarjini, kowane shi kaɗai ba ya hango komai, amma yana ganin dama da hagu daidai gwargwado. Na jera su kusa da kusa, da yawa. Ido na biyu ya rufe. Sai na sake yin wata wautar, don kada ki ɗauka mahaifinki ya gama. Na daidaita kowane sanda shi kaɗai a kan tebur, ya yi daidai, sannan na sa shi a jeri. Ashe sandan da ke tsakanin 'yan'uwansa ba shi ne na kan tebur ba. Kowane yana jin na kusa da shi, kuma yadda yake jinsa yana canzawa duk sanda aka karkata ido. A gaba sak lafiya lau. Da na murɗa zuwa can gefe, ƙarfin da ya kamata ya fita ya dawo baya ta waya. Na ji ƙauri, allo ya yi duhu, bututun ya mutu. Emeka ya zaga Ikko har ya gaji, bai samo wani ba. Ki auna ɗan eriya a cikin maƙwabtansa, ki auna shi a kowace kusurwa da za ki tura shi. Yadda ake yin wannan awo da kyau, da yadda ake ƙera sandan da zai jure maƙwabci, shi ne abin da ban sani ba. Ba littafin a nan, ba na'urar awon a nan. Suna can inda za ki.

Jerin yana nan a ɗakin baya inda kika bar shi, innarki ta rufe shi da tsohon zane saboda kaji. Ke kika taya ni goge sandunan nan a wani hutu, kina tambayata abin da ban iya amsawa ba. Ba ni na cusa miki wannan karatu ba, kuma kin sani. Na ga fuskarki ranar da takardar gurbin ta zo. Wadda ta yi wannan murna ba ita ce ta yi magana a tasha ba. A tasha 'yan kasuwa ne suka yi magana da bakinki.

Ki dubi masu dariyar nan da kyau. A cikinsu wa ya taɓa korar tsuntsu ɗaya? Duk shekara jan-baki na zuwa, duk shekara ana raba maza biyu, duk shekara wani na kuka, su kuma suna nan a kan benci da sunan da suka raɗa mini, ba su ƙara masa ko wasali ba. Ni na faɗi, amma a gona na faɗi. In kin bar karatun nan don yana da wuya, ko don kin sami wanda zuciyarki ta fi so, zan sa miki albarka da hannu biyu. In kuwa don kada a kira ki ɗiyar Malam Gabas ne, to ki sani ko a sakatariya haka za a kira ki, sai dai a lokacin ba ki da amsa. Kuma a can ma za ki yi kuskure a gaban mutane, wataƙila su yi miki dariya da harshen da ba ki gama ji ba. Ki koma tudun da rani ki gano dalili. Ki riƙe sallarki, ki riƙe mutuncinki, kada ki ce "na tabbata" sai kin share daga gabas har yamma.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa ban jira kin isa ba na rubuto. Kwana kaɗan bayan tafiyarki, da hantsi, aka yi sallama a ƙofa. Na fito na tarar da Kawunki Namata a kan tabarmar zaure, da ƙullin shinkafa a gefensa. Ya tsufa ƙwarai. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ƙi shan ruwa. Ya ce shinkafar taki ce, ya ji za ki ƙasar da ba a iya dafa ta, bai san kin riga kin tafi ba. Sannan ya ce, "Ina abin?"

Na kai shi ɗakin baya na yaye zanen. Ya daɗe yana kallon sandunan, ya sa yatsa ya auna tsakaninsu. Ashe labarin ido na biyu ya kai Gulma.

Ya ce, "Waɗanga ƙanana, ido guda gare su?"

Na ce, "Guda, in an gama su yadda ya kamata. Ni ban iya gamawa ba."

Ya ce, "Na sani. Ba kai nike jira ba." Ya gyara hularsa ya nufi ƙofa. Innarki tana tsaye a bakin madafa tana kallonsa. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Bara ma sun ci rabin gonata. Ka hwaɗa ma ɗiyar ƙanwata, in ta dawo tac ce gabas, ni ka hwara kwance igiya."

Ban gaya masa abin da kika ce a tasha ba. In kin canza karatun, ke za ki je Gulma ki gaya masa da bakinki, don ni na taɓa tsayawa a gabansa sau ɗaya, ya ishe ni.

Shinkafar tana cikin kayan Emeka. Allah ya kai ki lafiya, ya buɗe miki abin da ya rufe mini, ya kare ki daga sharrin mutum da na zuciya, ya dawo mana da ke muna raye, Namata ma yana raye. Allah ya yi miki albarka, Uwata.

Mahaifinki,
Bello, wanda ake kira Malam Gabas, kuma yake amsawa.